Wasiƙar da za ta ceci Gidan Baba tana hannuna

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin wani ya rubuto cewa ƙato da ni ina kuka a kan wasan waya, ya daure ya karanta har ƙarshe, in ya so ya zage ni da hujja. Na san na yi laifi, shawara na zo nema.

Ni mutumin Bodinga ne, shekarata talatin da 'yan kai. Da ina koyar da Turanci a wata firamare. Shekara huɗu ke nan da na yi hatsarin babur a hanyar Sifawa, tun daga ranar ban sake tsayawa da ƙafata ba, sai keken guragu. Da farko zaurenmu ba ya rabuwa da masu dubiya, daga baya aka koma sallama daga bakin ƙofa, daga baya sallamar ma ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba, rayuwa ta yi tsada, abokaina wasu sun tafi ci-rani, waɗanda suka rage suna gonar albasa tun safe. Majalisar da nake zama a da matakala uku gare ta, ni kuma na gaji da a riƙa ciccibata kamar buhun gero. Sai na zauna a gida, daga ni sai mahaifiyata sai rediyo.

A wannan zaman na faɗa wani wasa na intanet, na sararin samaniya. Kowa da kumbonsa, ana yawo tsakanin taurari ana haƙo ma'adinai, kuma kamfanin da ya ƙera wasan ya bar wa 'yan wasa dama su gina tashar da kumbuna ke sauka, yadda duk suka ga dama. A ciki na haɗu da Hausawa, muka zama mu tara, muka buɗe guruf. Kullum bayan La'asar muke haɗuwa, ana wasa ana hira ta murya har a kira Magariba. Sauran suna ɗan tsintar Turanci, amma doguwar sanarwa ba sa iya bi, don haka da imel ɗina aka yi wa ƙungiyar rajista, kuma duk abin da kamfanin ya rubuto ni nake karantawa in fassara musu a saƙon murya. Malam suke ce mini. Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin wannan sunan ba, bayan shekarun da babu wanda ya tambaye ni ko ƙarfe nawa.

A cikinmu akwai wani bawan Allah, bari in kira shi Umaru, magini ne daga Shagari, ya girme ni. Bai yi boko ba, allo ya yi, amma Allah ya yi wa hannunsa baiwa. 'Yan wasa na duniya suna gina tashoshi na ƙarfe masu tsini da walƙiya, shi kuwa sai ya gina gidan mahaifinsa: zaure mai kewaye, katanga, rumbuna biyar da hulunansu na ciyawa, har da rumfar ajiye albasa, duk suna shawagi kusa da wata tauraruwa ja. Mahaifinsa ma magini ne, ya gina gidan na gaske a zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da aiki ke neman magina a garinsu kafin abubuwa su tsuke. Tsohon ya rasu, damina ta cinye gidan, ko hotonsa babu. Shekara biyu Umaru ya yi yana ɗora shi daga abin da ya tuna, da tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi. Gidan Baba muke kiran tashar, a ƙofar zaurenta muke ajiye kumbunanmu. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Yaya Umaru, wa ka cin gero cikin taurari?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, haka Baba yag gina shi, ni ban rage komi." Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ga shi Shagari ba nisa, amma shi kaɗai na taɓa faɗa wa maganar matakalar nan uku.

Wata biyu da suka wuce kamfanin ya fitar da sanarwa cewa zai rufe tsohon yankin da muke, ya buɗe sabo, kuma gine-ginen 'yan wasa za su shafe. A ranar kuma wasiƙa ta shigo imel ɗina. Sun ce sun zaɓi 'yan tashoshi kaɗan da za su ɗauke su kai sabon yankin su zauna har abada, kuma Gidan Baba na ciki, amincewar maginin kawai suke jira. Suka ƙara da cewa suna gayyatarsa cikin zauren maginan da ke ba kamfanin shawara, har za su nemo masa tafinta. Sau uku na karanta. Wallahi da farko murna na yi, har na danna wurin ɗaukar murya, sai idona ya koma kan kalma ɗaya. Tafinta! To ni kuma fa? Idan Umaru ya shiga cikin manyan magina na duniya, yaushe zai sami lokacinmu bayan La'asar? Idan ya daina zuwa, wa zai zo? Ai kowa saboda shi da gidansa yake zuwa. Kuma bari in faɗi wadda ta fi muni, hassada na ji. Ni da na yi shekaru ina karanta musu kowane harafi ba a gan ni ba, sai wanda ko sunan wasan ba ya iya furtawa daidai. Na goge saƙon muryar, na kife wayar.

Da muka haɗu da yamma Umaru ya ce, "Malam, na ga jan rubutu ya hito bisa allon wasa, mi sunka ce?" Na ce, "Gyare-gyare na kawai, Yaya, ba wani abu." Ya ce, "To madalla. Allah shi bar muna kai, ai kai na idanunmu." Na yi mursisi, muka ci gaba da haƙo ma'adinai ina dariya da su. Bayan sati uku kamfanin ya sake rubutowa yana tuni, na yi kunnen uwar shegu. Kullum ina ce wa kaina gobe zan faɗa, kullum kuma idan na ji muryoyinsu sun cika mini ɗaki sai in ce a bari in ƙara kwana ɗaya. Wane irin mutum ne ke yin haka ga wanda ya amince masa? Mahaifiyata ma ta lura, ta ce, "Kai, mi ka damunka? Tuwo ma ba ka tashi da shi." Na ce mata ciwon baya ne.

Shekaranjiya wasiƙa ta uku ta zo, sun ce ita ce ta ƙarshe, saura kwana bakwai su rufe yankin. Na yi maza na amsa da cewa maginin ya amince, ina tsammanin zan gyara ɓarnar a ɓoye. Suka maido mini da amsa cikin ladabi, suka ce tun da an yi wata biyu shiru, sai sun ji daga bakinsa, ta akawun ɗinsa na wasan, tare da tafintan da suka tanada, kuma za su karanta masa duk wasiƙun da suka aiko tun farko don ya san abin da zai amince da shi. Kun ga ke nan babu ta inda zan zille. Idan na faɗa masa, zai ji cewa wata biyu ina zaune a kan maganar ina ce masa gyare-gyare ne, sauran ma za su ji, kuma ban ga yadda za a sake kirana Malam a wannan guruf ba. Idan na yi shiru, ranar da yankin ya rufe gidan zai ɓace, kowa zai tsine wa kamfani, babu wanda zai zarge ni, wataƙila ma mu koma sabon yankin tare. Amma Umaru zai rasa gidan mahaifinsa karo na biyu, na farko ruwan sama ne, na biyu ni ne. Ina jin kunya in faɗa muku cewa har yanzu zuciyata tana auna biyun. Tsoron komawa zaman rediyo nake yi, ban iya ɓoye muku ba.

Yau da hantsi ya turo mini saƙon murya, ana jin ƙarar cebur a bayansa, yana wurin aiki. Ya ce, "Malam, in ka shiga ka duba dama da zaure. Na ƙara ɗaki guda wanda babu shi gidan Baba, shi kaɗai na ƙara. Ƙohwar na da hwaɗi, kuma ban sa matakala ba ko guda. Naka na."

Na shiga na gani. Ƙofar kuwa keke zai wuce ta ba tare da ya gogi bango ba. Har yanzu ban amsa masa ba, ga La'asar ta kusa, kuma saura kwana biyar.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?