Kafar Ƙugiya

Zuwa ga 'yata Eluned,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki kuna lafiya. Sanyi ya fara sakinmu, kogin Usk ya sauka, ruwa ya yi garau. Ƙwarin nan masu ruwan ƙasa sun kusa fitowa, kin kuma san ba sa daɗewa. Tun kaka na ɗaure irinsu na bogi a kan ƙugiya da gashin makwarwa don yaudarar kifi, gwangwani ya cika. Ki zo ki ɗaura mini su a zare kamar da, ke da kullum kike manta jiƙa ƙulli da miyau har kifi ya tsinke ya bar mu da salati.

Babanki, Gwilym

Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarka ta sa ni dariya. Kai da ka koya wa rabin garin ƙulli, ni za ka jira? Asibiti ya cika, ba za su sake ni ba sai Mayu. Ga rigar sanyi na saƙa maka. Ka kama babban kifi, ka sa Idwal maƙwabcinka ya ɗauki hoto.

Taka, Eluned

Eluned,

Ina gaishe ki. Riga ta iso, ta yi mini daidai. Ranar Talata ƙwarin suka fito da rana tsaka, kifi sai tsalle suke ƙarƙashin gada. Na zauna a kan dutsenmu, ƙwaro a hannun hagu, zare a dama. Kafar ƙugiyar ce ba na gani. Tun bara take ɓace mini, bana ta tafi gaba ɗaya. Na yi ta cusawa har yatsuna suka sandare. Idwal ya wuce yana cewa, "Tsoho, yau kallo ka zo?" Na ce masa ina hutar da kifin ne. Shekara da shekaru ina yi wa ƙullinsa dariya, bakina bai iya roƙonsa ba. Kifin suka ci suka ƙoshi a gabana, na naɗe sandar kamun kifina na dawo gida. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Babanki

Baba,

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Me ya hana ka faɗa mini kai tsaye? A'a, ka faɗa, ni ce na mayar da shi wasa. Na yi musayar aiki da wata, ina nan tafe Asabar da takalmin ruwana. Ka yafe mini.

Eluned

'Yata,

Ki zo, akwai miya a tukunya. Takalmin ki bar shi. Ƙwarin sun wuce, na kuma mayar wa ƙungiyar masunta gurbina na bakin kogi, har sun ba wani. Sandar tana bayan ƙofa, taki ce. Kafin ki tafi da ita ki ɗaura mini ƙwaro guda, in shafa ƙullin da yatsa in ji ko kin jiƙa shi.

Babanki