Masaukin Injin 'Yan Shanu

Zuwa ga 'yata Salwa,

Bayan gaisuwa, yaya mutanen Didaouré, yaya ƙafar innarki? Ni lafiya lau nake a Dapaong, sai dai tuwo ba ya daɗi in hannu ɗaya ne a kwano.

Ƙungiyarmu ta 'yan shanu ta ba ni aiki. Injin da ke riƙe shafinmu na intanet yakan mutu in an ɗauke wuta, masu saye su neme mu su rasa. Aka ce in zaɓa masa masauki a Lome, cikin kamfanoni biyu masu ajiye injuna. Duka suna da janareta da ɗaki mai sanyi.

Sai na yi yadda muke yi kafin mu bar wa mai masauki garke: na kira in ji wa ke gida. Na farko na'ura ce ta amsa, wai in danna ɗaya. Na biyu wata baiwar Allah ce, ta ce, "Baba, ina gajiya?" Su na ba.

Injin ƙalau yake. Amma jiya na sake kiransu, wai ina tambayar lafiyarsa.

Lambata dai ba ta canza ba. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Zaidu