Wanda Ya Hau Babur Ɗina

Cheras, Kuala Lumpur.
Disamba, 2021.

Zuwa ga Yayana Iro,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sauƙaƙa mata ciwon gwiwar nan, ya kare mu daga wannan annoba da ta ƙi ƙarewa. Mu nan alhamdu lillahi. Na gama zaman killacewa lafiya, har na fara leƙa makaranta a Jalan Semarak. Ɗana Fa'iz ya yi tsawo, sai dai Hausarsa ta gudu, kana yi masa magana yana amsa maka da Malayanci. Mahaifiyarsa Ɗelu tana gaishe ka.

Yaya, da gangan na ƙi kiran waya na zauna na rubuta, domin so nake a karanta wannan takarda a falon Hajiya, a gaban duk wanda yake zaune ranar da ka saurari ƙarar babur ɗina. Saboda su zan faro maganar daga tushe, ka yi haƙuri da abin da ka riga ka sani.

Ka tuna lokacin da zan taho Kano tattara bayanan karatuna, da niyyar 'yan makonni, na kira ka na tambayi yadda ake ajiye babur. Duk abin da ka ce sai da na yi. Na tsiyaye man tanki, na cire kan batir, na ɗiga baƙin mai a ramin fulogi, na ɗaga shi a kan ƙafa biyu a ƙasan benenmu, na lulluɓe da tamfol na ɗaure. Sai aka rufe iyakoki, 'yan makonni suka zama kusan shekara biyu. Kai shaida ne, sau nawa na zauna a bencin garejinka ina cika baki cewa babur ɗina yana can yana barci kamar jariri. Kai kuma kana ce mini in shirya, duk ranar da na koma sai na wanke kafireta na sayi sabon batir kafin ya ko yi tari.

To, da na fito daga killacewa na sauka na yaye tamfol. Ɗaurin ma ba irin nawa ba ne, amma ban kawo komai a raina ba. Na zuba mai, na ce bari in buga kik don wasa. Yaya, bugu ɗaya ya tashi! Na tsaya baki buɗe. Ban gama mamaki ba sai ga ƙara, wani caka-caka daga saman inji, da ƙwas-ƙwas a ƙasa idan na murɗa totur, ga hayaƙi shuɗi a salansa. Na ɗauko sukundireba na yi yadda ka koya mini, baki a jikin inji, ƙota a kunne. Na bi kan silinda, na bi gefen sarƙar cikin inji, na sauko ƙasa. Ko'ina da irin kukansa. Mita kuwa tun da na sayi babur ɗin a mace take, balle ta ba ni labari. Shi ne na ɗauki sautin a waya na turo maka.

Amsarka har yanzu tana kunnena. Ka ce wannan ba ciwon kwanciya ba ne, ciwon wahala ne. Ka ce babur ɗin da ya kwana biyu a ajiye shaƙewa yake yi da tsatsa, amma wannan sarƙar cikinsa ta saki, ringi ya cinye, kuma aikin wani matashi ne ɗan ganganci mai murɗe totur har ƙarshe. Ka ce in bincika wane ne yake shiga gidana yana ɗaukar makulli ba na nan. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa, bakanike ne ya ji inji ya faɗi gaskiyarsa. Amma a falo ka faɗa, kuma Gwaggo Barira tana wurin. Kafin mako ya zagayo, ɗan'uwanmu Fatihu ya rubuto mini cewa magana ta kai har gidan su Ɗelu, wai wani saurayi ne yake hawan babur ɗin Maitama, wato ni ke nan, kuma kowa ya san inda ake rataye makulli. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni kaina, ba zan ɓoye maka ba, na yi kwanaki ina kallon Ɗelu ina ɗaure mata fuska. Ban tambaye ta ba, don ina tsoron abin da zan ji.

Ranar Asabar na tura babur ɗin zuwa wani kedai, wato shago, na gyaran babura a bayan kasuwarmu, wurin wani dattijo Basine da kowa ke kira Ankul. Ban taɓa zuwa wurinsa ba. Tun daga nesa ya kalli babur ɗin, bai ko kalle ni ba, ya yi dariya ya ce ai wannan na Kakak ne, wato babbar yaya. Ya tambaye ni ina take, yaya jikin yaron. Na ce wace Kakak? Ya ce baƙar mace mai dogon hijabi, wadda take zuwa da yaro ɗaure a baya. Ya ce sau da yawa ta kawo shi canjin baƙin mai, kuma tun bara yake yi mata faɗa a kan yadda take kashe injin, tana ba shi haƙuri tana cewa za ta gyara.

Ɗelu fa! Ɗelun da ko a bayana ta hau sai ta rufe ido tana salati har mu sauka. Na bar babur ɗin a can na koma gida na hau bene. Na same ta tana tankaɗe. Na ce mata daga wurin Ankul nake. Ta ajiye rariya, sannan ta ba ni labari tana kallon ƙasa kamar wadda ta yi laifi.

Kun san Fa'iz yana da sikila. Abin da ba ku sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne ciwon ya tashi masa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a lokacin kulle. Karon farko ta kira motar asibiti aka ce duk suna wurin masu korona, ta jira. Ta kira tasi, direba ya zo ya ga yaro da zazzaɓi yana ihu, ya ja motarsa ya gudu. Maƙwabciyarmu Kak Hasna, wata Bamalayiya mai sayar da shinkafa da safe, ita ta kai su a nata babur ɗin. Da suka dawo ta ce wa Ɗelu ba kullum za ta same ta a gida ba, ga babur a ƙarƙashin tamfol yana ruɓewa, a nan kuma mace a kan babur ba abin kallo ba ne. Ita ta mayar da kan batir, ita ta koya mata a filin ajiye motoci. Daga nan duk ranar da ciwo ya tashi, sai Ɗelu ta goya Fa'iz da zani, yaro ɗan shekara biyar, ta ƙara ɗaurewa da majanyi, ta kifa masa hular kwano, ta kama hanyar asibiti. A shingen 'yan sanda ta nuna katinsa su ɗaga mata hannu. Akwai wani tabo a ƙaurinta na dama da na gani ranar da na dawo, ta ce mini ƙuna ce. Ni da na girma a gareji, na kalli ƙunar salansa ban gane ta ba.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba, alhali kullum muna waya tana cewa lafiya lau, yaro yana barci. Ta ce to da ta faɗa me zan yi daga Kano, in ban da in daina barci in tayar wa Hajiya da hawan jini. Ta ce da ta ji zan dawo sai ta tsiyaye man ta mayar da tamfol, don tana jin nauyin in san ta taɓa mini kaya ba izini, har ta lalata. Ka ji fa, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Sai na yi mata tambayar da ta rage, wadda ta fi damun bakanike. Na ce Yaya Iro ya ce mai hawan nan murɗe totur yake yi kamar mahaukaci, Ankul ma ya ce yana yi mata faɗa, me ya kawo haka? Ta ce ai ta iya canza giya sarai, Kak Hasna ta koya mata. Amma irin wannan ƙaramin babur ɗin, duk sanda aka taka giya sai ya ɗan yi fizga. Idan ciwon ya tashi, ƙasusuwan Fa'iz ko taɓawa ba ya so a yi, kowace fizga sai ya ƙwalla ƙara a bayanta ya ce Mama bayana. Shi ya sa in ta sa giya ta biyu ba ta ƙara taɓawa, haka take tafiya tun daga Cheras har ƙofar asibiti, inji yana kuka, ita tana jin sa, ta san tana cinye shi. Ta ce ta gwammace kukan inji.

Yaya, sai na zauna kusa da ita a ƙasan kicin. Kunnenka bai yi ƙarya ba, an wahalar da injin nan matuƙa. Ga wanda ya wahalar da shi, ga kuma dalili. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na ce mata akwai wata magana da ake yi a gida, sai ta ce ta sani, Innarta ta kira ta tana kuka tun makon jiya. Ta sani, tana dafa mini abinci, tana kallona ina ɗaure mata fuska, ba ta ce uffan ba.

Don haka ga roƙona. Ankul ya ce a canza sarƙar ciki da ringi, a gyara bawul, kuma na san za ka ce haka ne. Wannan mai sauƙi ne, ban ma yi gaggawarsa ba. Gyaran da nake nema a wurinka shi ne ka tara su a falon nan, ka karanta musu wannan da bakinka, tun da daga bakinka aka fara ji. Sannan ka ɗauki Gwaggo Barira a mota ku je gidan su Ɗelu, a faɗa wa Innarta sunan saurayin da yake hawan babur ɗin Maitama.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce jikanta yana nan da rai da lafiya, ta sa wa uwarsa albarka. Ina gaida Anti Aminatu da yara, da Fatihu, da Hadi, da Malam Abdulgani na masallacin layinmu. Gwaggo Barira ma ina gaishe ta. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Maitama, mijin Ɗelu.