Kwalta Ta Zaɓi Ƙofar Sabi'u

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Ya zafin Sakkwato, ya ƙafar taki? Mu nan Kwamba lafiya lau, sai abin da ke cin raina.

Kin tuna ranar rabon gidan Baba, da na kafe sai ɓangaren gaba, na bar wa ƙaninmu Sabi'u na baya mai kallon kwatami? To, ranar Talata ma'aikatan tsara gari suka baje taswira a ƙofar mai unguwa. Wai layina ya matse, ba zai faɗaɗu ba. Ta baya za a shimfiɗa kwalta, a rufe kwatamin, a yi tashar keke napep daidai ƙofar Sabi'u.

Yaya, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ba a zuba yashi ko tifa ɗaya ba, amma masu neman shago sun fara yi masa sallama, har da masu ce masa Alhaji. Jiya ya same ni yana murmushi, wai zai fasa mini 'yar ƙofa a katangarsa in riƙa fita titi. Na yi godiya, amma da ƙyar ta fito.

Ki taya ni da addu'a Allah ya wanke mini zuciya, don ba ni da wanda zan kai ƙara. Da bakina na zaɓa, ke ce ma shaida. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Lawal