Kafson Aljihun Baffa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta ya koma makaranta. Sai dai Baba ya kwanta asibiti, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Ka san tun ciwon zuciyarsa yake shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. To, mura ce ta kama shi, Baffa ya zo dubiya. Ka dai san ƙanen Baba, likitan da bai taɓa shiga aji ba. Ya zura hannu a aljihu ya zaro kafson amoksisilin tsirara, ba kwali ba takarda, sun cakuɗe da tsinken sakace da wani tsohon hankici. Baba ya yi ta sha a ɓoye. Ban farga ba sai da na ga buroshin haƙorinsa jawur, haɓo ya ƙi tsayawa, damatsansa duk tabo kamar an dake shi.

Likita ta ce maganin mai kyau ne a muhallinsa, ciwon maƙogwaro, kunne, haƙori ko ƙirji, in ƙwayar bakteriya ce ta jawo. Mura kuwa ba abin da yake yi mata. Mai shan warfarin ma sai da sanin likita da awon jini, don haɗuwarsu na iya ƙara tsinka jinin.

Abin da ya fi ba ni ƙyama, Baffa ya zo asibitin yana cewa ai mataccen jini maganin ke fitarwa, har yana yi wa majinyacin gadon kusa tayin kafson. Da na matsa masa, ya ce ragowar naka ne da ka bari a durowa zuwanka na ƙarshe, kuma haka ya gaya wa Baba, shi ya sa Baba ya karɓa ba musu.

Gaishe min da Anti da yara, Inna da Goggo suna gaishe ku. Na zubar da kafson, amma don Allah ka kira Baba da kanka, tawa ba ta shiga kunnensa. Jiya da aka sallamo shi, ko takalmi bai cire ba ya tambaye ni ina na kai sauran maganin ɗansa.

Taka ƙanwa.