Idanun Aapo da Giyar Reino

Litinin, 2 ga Oktoba

Outi ta bugo waya da hantsi. Wai Aapo ba ya gani sosai da idon dama, tsakiyar komai ta zama hazo. Jikana, ɗan shekara goma sha tara! Abu ɗaya na tambayi 'yar tawa: ina ya kwana ranar Asabar? A bukkar farauta, da ubansa Jarmo da kakansa Reino. Ban ƙara tambaya ba. Na san abin da ake sha a bukkar nan.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Giyar da Reino ke dafawa a daji ita ta makantar da yayana Tauno yana saurayi, kowa a ƙauyen nan ya sani. Tun daga lokacin ban sake gaida Reino ba. Ko a coci. Ko ranar da 'yata ta rasa wanda za ta aura sai ɗansa.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na kai musu burodi. Aapo ya juyo da kai a karkace ya ce, "Kaka, yau kin koma yarinya, duk tamojin nan sun ɓace." Ja'iri. Na ja shi gefe na ce ya faɗa mini gaskiya, me suka ba shi? Ya rantse kofi kawai ya sha. An kitsa masa, mana. Jarmo kuwa tun da na iso yake faskare a tsakar gida, ya ƙi haɗa ido da ni.

Na ce wa Outi ta kwaso yaron su dawo gidana, in ba haka ba in kai maganar ga 'yan sanda. Ta ce, "Mama, ranar da kika kai ƙarar mijina, ranar kin ga ƙafata ta ƙarshe a gidanki." Ita kaɗai na haifa. Amma zan je.

Laraba, 25 ga Oktoba

Idon hagu ma ya fara. Likita na son jinina. Nawa! Ba na Jarmo ba, ba na tsohon ba. Wa ya sani ko an kai mata naman farauta.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Na je, don kada a ce na ƙi. Likitar yarinya ce ƙarama, sai murmushi, ni kuwa ban yarda da mai yawan murmushi ba. Wai kowace ƙwayar jiki tana da babban ma'ajin gado, rabi na uba rabi na uwa. A wajen ma'ajin kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ba jiki ƙarfi, kamar ƙananan murhuna, su ma da nasu gadon daban. Wannan uwa kaɗai ke bayarwa, uba ba ruwansa. Mace kan ɗauki lahanin ta tsufa da idonta garau, maza ya fi kamawa.

Ta tambaya ko akwai makaho a dangin mahaifiyata. Na ce babu, sai wanda aka makantar. Ta ce taba da giya suna iya gaggauta abin. Wannan kaɗai na riƙe a duk maganarta.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Ina zaune a sauna, ɗakin wankan tururi, sai na tuna Kawu Urho, ƙanin Mama. An ce ƙyallin ƙanƙara ne ya cinye masa ido. Giya kuwa ko ƙamshinta bai sani ba. Ban san me ya kawo shi raina ba.

Talata, 21 ga Nuwamba

Sakamako ya fito. Ni, Outi, Aapo, duk abu ɗaya. Ai ana musanya kwalaben jini a asibiti, ba yau aka fara ba.

Outi ta yi kuka a mota, tana cewa ita ta ba shi. Na ce ta yi mini shiru. Ita wa ya ba ta?

Laraba, 22 ga Nuwamba

Ban je wurin 'yan sanda ba. Hanya da santsi.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Daga taga na hango su a kan tafkin da ya daskare, Aapo dafe da kafaɗar Reino, suna duba raga a ƙarƙashin ƙanƙara. Da yamma yaron ya aiko mini da kifi, ya bugo waya. "Kaka, tsohon nan ya iya jagora. Wai da Tauno ya koya, a ɓoye, don kada mamarku ta gani."

Tauno kan dawo da kifi kullum. Mun ɗauka shi kaɗai yake lalubawa.

Asabar, 2 ga Disamba

Ƙullun ya yi mini yawa, burodi ya yi saura, ba wani abu ba. Na bi ta gidan Reino don in ajiye a bakin ƙofa in wuce, sai ga shi a tsaye. Ya tsufa ƙwarai.

Ya ce, "Sirkka, da gaske ne abin da likita ta faɗa? Ba ni ba ne?"

Na ce haka suka ce.

Ya zauna a kan matakala. "Ni ma na ɗauka ni ne. Tun ranar da idon Tauno ya tafi ban sake ɗora tukunya ba." Sama da shekara hamsin ke nan. Ya goge hanci da safar hannu, ya ce kofi na kan wuta.

Ban shiga ba, ina da aiki. Outi da Aapo za su zo gobe, har da Jarmo, sai na nemo kujera ta huɗu.

Na dai ce masa ina kwana.