Na Shigar da Bature Madina, Yanzu Yana Son Musulunta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da duk masu karanta shi. Ina rubuto muku daga Madina, birnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Jaridarku tana zuwa mana a hannun alhazai da ɗaliban jami'a, a nan na ga shafin nan. Don Allah kada a buga sunana, kuma kada a yi saurin yanke mini hukunci, wanda nake yanke wa kaina safe da yamma ya ishe ni. Ku yi haƙuri da rubutuna, hannuna da ajami ya saba, boko da girma na koye shi.

Mahaifina da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ina goye a bayan mahaifiyata aka tsallaka Bahar Maliya. Su biyun yanzu suna kwance a maƙabartar Baƙi'a, kuma ba ni da wani buri a duniya da ya wuce a sa ni kusa da su. Ban sami takardar ɗan ƙasa ba, da iƙama nake zaune, wato izinin zaman da ake sabuntawa, wanda laifi ɗaya ya isa a karɓe shi a sa mutum a jirgi da iyalinsa. 'Ya'yana ba su san wani gari ba sai wannan. Na fara da wannan ne don ku gane irin tsoron da nake ciki.

Sana'ata tuƙi. Ina jan motar wani kamfani da ke kafa turakun lantarki tsakanin garin Yanbu na bakin teku da ƙauyukan da ke kewaye da Madina. Turawan kamfanin daga wata ƙasa suke mai suna Finlanda, can ƙarshen arewa inda ruwan kogi ke daskarewa har mota ta bi ta kai. Wanda aka haɗa ni da shi dogo ne, ba ya yawan magana, rana ta mai da fuskarsa ja. Leburori sun sa masa suna Abu Bardi, wato Baban Sanyi, da wannan sunan zan kira shi. Ya koyi Larabcin leburori, kuma da shi muke hira, yana kirana Hajji. Tun ranar farko muka fara samun saɓani a kan abu guda: ba ya son a bar inji yana aiki mota a tsaye. In na tsaya salla na bar masa na'urar sanyi a kunne don tausayi, sai in dawo in tarar ya kashe, yana zaune gumi ya jiƙa shi sharkaf. Na ce masa, “Kai Abu Bardi, a ƙasar nan ruwan sha ya fi fetur wahalar samu, wa kake yi wa tattali?” Ya ce, “Hajji, duk hayaƙin da ke fita bayan motar nan, ɗumin ɗakin uwata ne.”

A hankali ya ba ni labarin. Ubansa tumatir yake nomawa a cikin ɗakunan gilashi da ake ɗumama su da mai. Da farashin mai ya tashi a shekarun nan, tsohon ya kasa saye, ya bar wutar ta mutu, sanyi ya kashe gonar duka, shi ma bai daɗe ba bayan haka. Abin da ya kawo Abu Bardi neman aiki ƙasarmu ke nan. Ya ce hukumarsu ta sa an rage fitilun titi, an hana gudu da mota, an ce kowa ya rage zafin ɗakinsa. “Suna zaune a ofis mai ɗumi,” in ji shi, “suna ce wa tsohuwa ta ƙara riga.” Ya ce a garinsu mutane sun zaɓi wannan jam'iyya ta ba su kunya, sun koma waccan ita ma haka, ma'aikata suna ta yajin aiki, shi da wansa ba sa ga maciji saboda siyasa. Yana da ƙaramar rediyo da yake kamo ƙasarsu, in ya gama ji sai ya yi ta zagin ministoci da yarensu. Mu kuwa a nan ba mu saba a ambaci hukuma da ƙarfi ba, ko ta wace ƙasa ce. In ya fara sai in ɗaga gilashin mota in yi ta waige.

Ga inda na ɓata. Kun sani wanda ba Musulmi ba ba ya shiga haramin Madina. Akwai allo a bakin hanya da shingen askarawa, daga nan hanyar waɗanda ba Musulmi ba take karkata ta zagaye gari. Kullum ta nan muke bi. Wata rana muna dawowa daga aiki kafin la'asar, ya sami labari cewa uwarsa ta rufe sauran ɗakunan gidan ta koma kwana a kicin kusa da murhu. Ransa a ɓace yake, ya ga wutar iskar gas da ake ƙonawa a banza a Yanbu tun da safe, sai ya juyo kaina. Ya ce, “Ku me kuke da shi? Rami kuka tarar da mai a ciki. Ranar da ya ƙare, me ya rage muku? Yashi.” Jama'a, na ji maganar nan har cikin ƙashina. A gaban birnin Manzo ake ce mini yashi? Na ce, “Muna da abin da ya fi mai.” Ya ce, “Ina yake?” Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma zuciya ta ɗebe ni, ba don Allah ba, ba don in kira shi addini ba, don kawai in rufe masa baki. Na tsaya gefen hanya, na ciro farar rigata ta salla da mayafin kai, na ce ya sa.

Askarin da ke shingen ɗan maƙwabcina ne a unguwar Aƙiƙ, a gabana aka raɗa masa suna, yanzu magidanci ne mai iyali. Yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya leƙo ya ce, “Ya ammi, min hada?” Wato Baffa, wane ne wannan? Na ce, “Baturke ne, injiniyanmu, zai yi ziyara.” Ya dubi shuɗin idon mutumin ya ce, “Musulmi?” Na ce, “Wallahi Musulmi ne.” Ya yi murmushi ya ɗaga sanda, ya ce a kan maganata, in gaishe da Hajiya. Kun ji? Sunan Allah na kama a ƙofar birnin Manzonsa a kan ƙarya da gangan. Ni da na zauna gaban malamai na san irin wannan rantsuwar ba ta da kaffara ta ciyarwa ko azumi, an ce dulmiyar da mai ita take yi a cikin wuta.

Ban bar Abu Bardi ya sauka ba, wannan kaɗai zan iya faɗa don kaina. Na tsaya ta wajen unguwar Anbariyya inda ake hango koriyar ƙubbar masallacin Manzo a ƙarshen titi. Da farko mita ya fara, wai dubi fitilu a kunne da rana tsaka. Sai aka kira salla. Masu kantuna suka ja ƙyalle suka rufe kayansu ba kulle ba komai, mai sayar da zinariya da ɗan dako suka jera suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, titi ya yi tsit sai kukan tattabaru. Abu Bardi ya ƙura musu ido. Inji yana aiki, karo na farko ke nan bai ce in kashe ba. Na juya mota muka kama hanyar Yanbu.

Na ɗauka magana ta wuce. Sai ya fara tsayawa daga nesa yana kallona in ina salla. Sai tambayoyi. Sai na ji shi yana gwada Fatiha a bakinsa yana kwance waya. Wata rana muna cin kifi a bakin teku ya ce, “Hajji, ina so in shiga.” Wane Musulmi ne zai ji wannan bai yi murna ba? Na yi kabbara hawaye na zuba. Sai ya ƙara da cewa wani abokin aikinmu ya gaya masa a mahkama ake yi, gaban alƙali, a ba mutum takarda, kuma alƙali yakan tambayi abin da ya ja ka. “Zan ce masa Hajji ne ya kai ni Madina na gani da idona. Kowa ya san alherin da ka yi mini.” Shi a wurinsa tukuici yake ba ni. Na ture kifin gefe. Na ce, “Ka rufa mini asiri, ka ce littafi ka karanta.” Ya dube ni kamar bai gane ni ba, ya ce, “Da ƙarya zan fara?” Na ce to ya faɗi kalmar shahada nan take tsakanina da shi, ta isa a wurin Allah. Ya girgiza kai. “Ranar nan na shiga a ɓoye da rigar wani. Wannan karon da fuskata zan shiga.” Mutanen nan, jama'a, in sun ce abu sun gama. Kuma ba ya son zuwa sai da ni, don ni kaɗai ke gane Larabcinsa.

Daga nan na shiga abin da ya fi na farko muni. Na ce masa alƙali ya yi tafiya. Da aka kwana biyu na ce a bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce na ce sai ya ƙara haddace surori. Mutum yana tsaye a bakin ƙofar Musulunci yana ƙwanƙwasawa, ni na jingina da ƙofar ta ciki na tare. Me zan ce ranar da aka tambaye ni? In ce iƙama nake ji? Aikinsa hawa turakun lantarki ne. Kwanan nan ina ƙasa ina riƙe da igiya, waya ta yi tartsatsi ta ƙone masa safar hannu har fata. Na ga ya yi lilo a sama, ba abin da ke bakina sai ya Allah kada yanzu, ya Allah kada yanzu. Ya sauko yana hura hannun yana dariya, ya ce, “Hajji, alƙalin nan naka a kan raƙumi ya tafi?”

Tun ranar shingen ban ƙara tsayawa gaban kabarin Manzo na yi sallama ba. Ina salla a can baya kusa da ƙofa in sulale. Mai ɗakina ta lura. Ta ce, “Malam, kai da ba ka iya kwana biyu ba ka je gaisuwa ba, ko kun yi faɗa da masu gadin ƙofa ne?” Na ce cunkoso ne. Ta ce, “Cunkoson da ka girma a cikinsa?” Ta ajiye mini shayi ta fita. Maƙwabcina kuwa, uban askarin nan, kullum sai ya jawo ni sahu ɗaya da shi. In maganar nan ta fito a gaban alƙali ba ni kaɗai za a kira ba, za a tambayi wanda ya ɗaga sanda, shi kuwa laifinsa kawai ya yarda da rantsuwar baffansa.

Yanzu kwangilar Abu Bardi ta kusa ƙarewa. Zai koma kafin sanyinsu ya shigo, ya sara wa uwarsa itace, ya ce kuma zai shiga cikin masu tsayawa gaban hukuma a kan tsadar mai. A garinsu babu masallaci, babu ko mutum ɗaya da zai ce masa assalamu alaikum. In ya tafi a haka, a wuyan wa? Jiya ya tare ni a bakin mota, hannunsa a naɗe, ya ce ya tambaya da kansa, alƙali yana nan bai je ko'ina ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Hajji, ranar Asabar ka zo da mota. Ka zo mini da farar rigar nan.”

In na kai shi, zai faɗi gaskiya, wataƙila a raba ni da Baƙi'a da kaburburan iyayena, a jefa 'ya'yana ƙasar da ba su sani ba, a tuɓe wa ɗan maƙwabcina kaki. In na ƙi, na tare wa bawan Allah hanya don in tsira da wurin kwanciyata, to da wace fuska zan kwanta kusa da Manzo? Malamai, iyaye, 'yan'uwa, na san amsarku ba lalle ta riske ni kafin Asabar ba, amma ku rubuto, domin na san halina, ina jin wata ƙaryar tana haɗuwa a bakina tun yanzu. Rigar tana nan an wanke an goge, a rataye bayan ƙofa. Don girman Allah, me zan yi?